Tuƙin Tuwo a Tsaye

Mutanen unguwarmu sun gama yanke hukunci: gas ne ya kwantar da Inna. Matan da suka zo dubiya haka suka riƙa faɗa. Wata ta ce iskar ce ta shiga mata ƙirji, wata ta ce dama ba kowane jiki ne yake karɓar kayan zamani ba, wata kuma ta rage murya ta ce baki ne, an dasa kicin irin na birni a tsakiyar ƙauye, me ake jira? Har Yaya, wanda ya gina kicin ɗin, ya yarda tiyon gas ne ya yi yoyo. Duk ba haka ba ne. Gas ɗin nan ni kaɗai nake kunna shi, in dafa shayin safe in kashe. Abin da ya kayar da Inna hayaƙi ne, hayaƙin itace da totuwar masara, wanda muka rushe tsohon madafi don mu raba ta da shi.

Gidanmu yana bakin kanal ɗin ban ruwa, a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure. Baba manomin rani ne, shinkafa da tumatir da albasa. Inna kuwa tun ban san kaina ba take turara shinkafa. 'Yan kasuwa su kawo mata shanshera, shinkafar da ba a casa ba, a buhu, ta jiƙa, ta ɗora rabin duro a wuta, ta yi ta tura ɓuntu da kara har ta turaru, sannan a shanya. Wanda bai taɓa tsayawa kan wutar ɓuntu ba bai san hayaƙi ba. Ba ya tashi sama, bin mutum yake yi. A cikinsa Inna ta haife mu, a cikinsa ta tsufa kafin lokacinta. Tari ya fara mata kamar na mura, ya ƙi tafiya, har ya kai in ta ɗebo ruwa daga bakin kanal sai ta tsaya a zaure ta dafa bango. Da aka ɗauki hoton ƙirjinta likita bai ɓoye ba, ya ce ta rabu da hayaƙi ko hayaƙi ya raba ta da mu. Ta bar turarar shinkafa. Saura girki.

Yaya shi ne ɗan farin Inna, yana da shago a Kano, can yake zaune da matarsa. A gidanmu har yanzu ana kunyar ɗan fari yadda aka gada. Inna ba ta faɗar sunansa, ba ta kallon idonsa, in ya shigo gaishe ta sai ta juya gefe ta amsa kamar da bango take magana. In tana da saƙo, ni ce 'yar aike. In shi yake da tambaya, ni ce dai. Suna zaune a tabarma ɗaya ina tsakiya kamar tafinta.

Ranar da ya zo da maganar sabon kicin haka aka yi.

“Auta, tambayi Inna, wace kalar tayil take so?”

Na juya na ce, “Inna, kin dai ji.”

“Ki ce masa an gode. Allah Ya yi albarka.”

“Kala aka tambaye ki, ba addu'a ba.”

“Duk wadda ya ɗauko ta yi.”

“Tsayin kantar fa? Wurin da za a ɗora gas?”

Ta gyara mayafinta ta ce, “Ki ce masa shi ya san abin da ya dace.”

Yaya ya yi murmushi, daɗi ya kama shi. Ni kuma haushi, don na san Inna tana da ra'ayi a kan komai, har yadda ake jingine tsintsiya. Amma a gabansa bakinta a ɗaure yake, kuma bayan ya tafi da na sake tambayarta cewa ta yi in bar yaro ya yi abinsa, ba a gyara wa mai kyauta kyautarsa.

Ni na raka shi Kano sayen kaya. Mun wuni muna shiga shago muna fita. Wani mai tayil ya shimfiɗa mana kala-kala a ƙasa yana ta zuba, “Hajiya ƙarama, wannan ko mai ya zube a kai, shafa ɗaya ya tafi. Ko kicin ɗin amarya ne ake ɓoye mana?” Na ce masa na tsohuwa ne, ya ba mu wanda ba ya santsi. Yaya ya so fari, na ce mai ruwan ƙasa, fari aka saya. Aka sayi silin na roba fari tas, saboda ɓera da ƙura. Aka sayi taga ta gilashi mai zugewa, da ƙofar ƙarfe mai rufuwa ruf, saboda sauro, don mu da muke bakin kanal da la'asar ta yi sauro ya karɓi gari. Gas kuwa ni na dage a kansa, ko yau aka tambaye ni gas zan ce. Muka ɗauko mai kai biyu, baƙi mai sheƙi, irin wanda ake ɗorawa a kan kanta. Tsayin kantar kuma Yaya ya auno na kicin ɗin matarsa da igiya, ya kawo wa magini ya ce ga shi nan, kada a ƙara kada a rage. Duk awon da aka yi a tsaye aka yi shi. Matar da za ta yi girkin kuwa ba ta taɓa yin girki a tsaye ba.

Tsohon madafinmu ba abin kallo ba ne. Ginin ƙasa, baƙi ƙirin, kwanon rufin ya huje. Amma bangonsa bai kai rufi ba, akwai sarari ta ko'ina, ƙofa kuma babu. Hayaƙi yana cin Inna a ciki, sai dai yana samun hanyar fita. Aka rushe shi aka tayar da bulo a gurbinsa. Duwatsun murhu uku aka watsar bayan garken awaki. Da aka gama, mata suka yi ta zuwa kallo, suna cire takalmi a bakin ƙofa kamar za su shiga masallaci, suna shafa bango suna cewa wance kin haifi ɗa. Inna tana sunkuyar da kai, amma na ga daɗin a fuskarta.

Tuwon farko ina nan aka yi shi. Lokacin dashen shinkafa ne, akwai masu aikin gona da ake ciyarwa, tukunyar babba ce. Da ƙyar ta zauna a kan gas ɗin, rabin gindinta a waje. Talge ya tafi lafiya. Da aka zo tuƙi abin ya lalace. Tuwo a zaune ake tuƙa shi, a kan kujera 'yar tsugunno, tukunya ta kafu tsakanin duwatsu, mace ta sa nauyin jikinta duka a kan muciya. A nan kuwa bakin tukunyar ya kai wa Inna ƙirji. Ta ɗaga hannu sama tana ja, tukunya tana zamewa, ina riƙe da ita da tsumma, tururi yana dukan fuskarmu. Ba a je ko'ina ba numfashinta ya sarƙe, ta saki muciya ta dafa kanta. Na karɓa na ƙarasa yadda na iya. Da Baba ya kai loma ɗaya ya tsaya yana lalubo gudaji da yatsa.

“Wannan tuwon da tsakuwa aka haɗa shi, ko sabon yayi ne?”

Na ce, “Baba, in bai yi ba akwai gari, a jiƙa maka.”

Inna ta harare ni.

Ina aiki a wani shagon magani a cikin Kura, sai gab da magariba nake dawowa, tuwo kuwa kafin nan an kwashe. Bayan ɗan lokaci tuwon gidanmu ya dawo yadda yake a da, sumul, ba gudaji. Na tambaye ta, ta ce hannu ne ya saba. Kicin kuma kullum in na shiga ƙamshin turaren wuta yake yi. Na ce, “Inna, kicin ne ko ɗakin amarya?” Ta ce sauro take kora. Tarin nata ya ƙaru, amma damina ta shigo, muka ce sanyi ne.

Wata rana mai shagon ya rufe da wuri zai je jana'iza, na dawo bayan la'asar. Ana yayyafi. Na yi sallama ba a amsa ba. Ƙofar kicin a rufe, taga a zuge, gilashin ya yi duhu. Da na tura ƙofar sai na ji ta cije, ashe tsumma aka cusa a ƙarƙashinta. Na banka ta da kafaɗa. Hayaƙin da ya fito sai da ya mayar da ni baya.

Ta shimfiɗa guntun tsohon kwano a kan tayil don kada ya ƙone. A kai ta jera duwatsun nan uku, ta hura wuta da gawayi da totuwa. Tukunya tana kai, muciya a tsaye cikin tuwo. Inna tana kan kujerarta, ta jingina da jikin kantar, kai ya langaɓe, baki a buɗe. A gefe ga sanda an ɗaura mata tsumma a kai, da ita take goge silin kullum in ta gama.

Na ja ta a ƙasa har tsakar gida, cikin ruwa. Na yi ta kiranta ina jijjiga ta, ban ma san ina ihu ba. Can ta ja numfashi da wata ƙara kamar ana yaga ƙyalle, ta yi tari, ta buɗe ido. Ta kama hannuna. Na sunkuya ina tsammanin salati za ta yi.

“Kwashe duwatsun nan kafin mutane su shigo.”

Na kwashe. Da hannuna na sa tsumma na ɗauke su da zafinsu na jefa bayan katanga, na ja kwanon na watsa masa ruwa. Kafin maƙwabta su cika gidan babu abin da ya rage sai tukunya da wari. Suka ga mace a kwance a ƙofar kicin ɗin gas, suka haɗa labarinsu.

A asibiti na ja likita gefe na gaya masa gaskiya. Ya ce abin da ya lalace a huhunta ba zai dawo ba, abin da ya rage ake lallaɓawa, kuma in aka sake irin wannan kada mu sa rai za ta tashi. Yaya ya iso idonsa jawur. Ya tsaya a ƙarshen gado yana tsine wa wanda ya sayar mana da tiyo, ya ce zai canza komai, sabuwar tukunyar gas, sabon tiyo, har da abin girki da ya fi wancan yawan kai.

“Auta, gaya wa Inna ta yi haƙuri, laifina ne da ban duba ba.”

Inna ta juya fuska bango, abin shaƙar iska a hancinta.

“Ki ce masa ba komai. Allah Ya yi albarka.”

Da aka sallamo mu na jira Baba ya fita gona na zauna a bakin gadonta.

“Inna, me ya hana ki hura wutar a tsakar gida? Ko ba komai akwai iska.”

“A tsakar gida? Da katangar nan da kowa yake leƙowa? A ce ya gina wa uwarsa wuri ta ƙi shiga? Ya ji a bakin mutane?”

“To ki gaya masa ba kya iya tuƙi a tsaye. Magana ɗaya ce.”

“Ni? In buɗe baki in ce masa abin da ya yi bai yi ba? Ke dai ba a sa miki kunya a ido ba.”

“Kunyar ce za ta kai ki kabari.”

“In kwana ya ƙare ko a kan gas ne sai a tafi.” Ta yi tari mai tsawo, na riƙe mata kofi. Da ta samu kanta ta ce, “Kada in ji maganar nan a bakinsa. In kika kai masa, ni da ke ne.”

Na ajiye kofin. Ta ɗauka na yarda. Sai ta tambaye ni ina na kai duwatsun. Na yi mata ƙarya na ce na jefa su a kanal. Ta ce ba komai, ai akwai guntayen bulo da magina suka bari a bayan gida.

A nan na san ba ta daina ba, jira take ƙafarta ta yi ƙarfi in koma aiki. Baba ba zai hana ba, shi dai ya ga tuwo. Yaya kuma yana can yana neman tiyo mai kyau, zai kawo ya ɗaura, ya tafi da zuciya ɗaya.

Na roƙi mai shagonmu ya bar ni in riƙa tashi da la'asar, ya ce zai duba. Na kuma je tasha wurin wata mai sayar da abinci, na tsuguna na ƙare wa abin girkinta kallo. Gas ne, amma na ƙasa, ƙarfe mai faɗi mai gajerun ƙafafu, babbar tukunya ta zauna a kansa daram, matar tana tuƙi a zaune. Na ɗauki hotonsa a waya.

Gobe in Allah Ya kai mu motar farko zan hau zuwa Kano. Ba a waya zan faɗa masa ba, a shagonsa zan same shi, in sa ya sallami mutane, in gaya masa komai har da tsumman ƙarƙashin ƙofa. Zan ce masa a fasa kantar nan, a cire silin, a buɗe bango ta sama, a kawo irin na mai abincin. In ya tsaya jin ciwon tayil ɗinsa, zan dawo in ari guduma in fara da kaina. Inna za ta daina yi mini magana, na sani, wataƙila ta daɗe. Gara ta yi fushin tana numfashi.