Kaskon ƙosai ya tona mini asiri

Ƴan uwa, asirina ya tonu yau a kasuwar Dungas.

Kun san wuta ba ta ƙona ni, gadon kakana maƙeri ne. Inna ta hana ni nuna wa kowa, kar a ce mini mayya.

Da muka taso daga lakwal, wato makaranta, na tsaya sayen ƙosai. Habibu ɗan ajinmu, wanda kuke tsokanata da shi, yana gefena. Sai wani ɗan kabu-kabu ya bangaji murhun, kaskon ya karkata kan ɗiyar mai ƙosai da ke rarrafe a ƙasa. Ban san sanda na cafe shi da hannu biyu ba. Tafasasshen mai ya malale mini har gwiwar hannu!

Mai ƙosai ta kama hannuna tana salati tana juya shi. Ko tabo babu. A raina na ce shi ke nan, gobe duk gari ya ji. Sai ta rufe hannun da gyalenta, ta ce wa mutane, "Man bai yi zafi ba, ku watse."

Habibu ya bi ni har kwanar gidanmu. Na ce, "In tsorona kake ji ka faɗa kawai."

Ya ce, "Wane tsoro, Zulai? Ni kunama in ta harbe ni ita ke mutuwa. Na daɗe ina neman yadda zan gaya miki."

Wai gobe zai zo gaida Inna.