Ɗaki Uku Ba Rufi

Ƙarfe huɗu da minti goma na yamma, wata ranar Laraba, wayar Baba ta yi ƙara. Na riƙe lokacin ne don ina zaune a shagonsa na ɗinki a Kalley ina karatu, agogon bango yana gabana. Magini ne ya kira daga filinmu na bayan gari, can gaba da Talladjé. Ya ce mai unguwa ya aiko kowa ya dakata da gini, za a yi babbar hanya da za ta zagaye Yamai, sai an gama awo an san inda za ta bi.

Baba ya ce, "To, a dakata," ya koma kan kekensa.

Ɗaki uku ne a filin, bango ya kai inda za a ɗora rufi. Baba ya yi ginin yadda teloli suke yi: duk bayan Sallah, in aiki ya lafa, sai ya sa a buga bulo a ƙara layi. Ina ƙaramar lakkwal, wato firamare, aka haƙa tushe, ina jami'a aka kai saman tagogi. Kwanon rufi ma an saya, yana jingine a bayan shago. Mu bakwai ne a ɗaki biyu na haya, Inna har ta zaɓi inda za ta kafa murhu a sabon gida.

Maƙwabtanmu na filin ba su dakata ba. Kafin sati ya zagayo sun ɗora kwano, wasu ko ƙofa babu, wani ma a kan sanduna. Inna ta ce mu ma mu ɗora. Baba ya tambaye ni, tunda ilimin taswira nake karanta. Na ce masa doka doka ce, mai takarda ba ya jin tsoro. Har yau wannan maganar tana ci mini rai.

Bayan damina aka liƙa sunaye a ƙofar mai unguwa: waɗanda hanya za ta cinye gidajensu, za a ba su wani wuri su zauna. Na karanta daga sama har ƙasa sau uku, ina bin layi da yatsa. Mai sanduna yana ciki. Baba ba ya ciki.

Ni ba mai magana ba ce. A aji ma in an kira ni muryata rawa take. Amma na haɗa takardar filin, da hotunan bangon, da zanen da na auna da kaina, na jera su cikin jaka. In na tashi daga karatu a jami'a, can Harobanda, sai in tsallako gada in bi biro-biro, wato ofisoshin gwamnati.

"Madmazel, kin sake dawowa?" in ji mai gadin wani biro. "Ko dai aiki kike nema a nan?"

"Mai taswira nake nema, Baba."

"Yana taro."

"Jiya ma haka ka ce."

"Ai taron ne bai ƙare ba."

Wata sakatariya ta karɓi takarduna, ta ɗora kwanon abincinta a kai. Na tsaya ina kallon mai yana ratsa zanena. Na fito ina jin haushinta, ina jin haushin kaina.

A zuwa na tara mai gadin ya gaji da ni, ya nuna mini ƙofar ƙarshe. Wani dattijo ne a ciki, tabarau a goshi. Ya saurare ni har na gama, sannan ya shimfiɗa wani babban hoto da aka ɗauko daga sama. Na gane unguwarmu. Rufin maƙwabta fari fat, yana ƙyalli. Namu bangon launin ƙasa ne, sai na sa farce na nuna masa kafin ya gani.

Ya ce, "'Yata, daga wannan hoton aka ƙirga. Abin da ya yi ƙyalli gida ne. Abin da bai yi ba fili ne, kuma ba a fara maganar fili ba tukuna."

Muryata ba ta yi rawa ba. Na ce, "Malam, kwanonmu yana bayan shago. Ku kuka ce a dakata da gini."

Ya sauko da tabarau, ya dube ni, ya fara naɗe hoton.

"Mun ce," in ji shi. "Ba mu zaci wani zai ji ba."