Zaren da Na Ɗaura wa Kazar Iya

Da ana mayar da rana baya, guda ɗaya zan roƙa: ranar da kakata ta miƙo mini ƙafar kazarta ta ce in duba, na duba, na ce ban ga komai ba. Karatuna bai wuce allo ba, amma ina so in rubuta wannan kafin a kai ni makwancina.

A Karare aka haife ni, tun Turawa ba su zo ba, zamanin da in an ji kuwwar mahara sai a kwashi yara a yi cikin duwatsu. Kakata, wadda ta haifi ubana, Iya muke ce mata. Yanar ido ta rufe mata gani, inuwar mutum kawai take gani, amma hannunta bai manta kaɗi ba. Zarenta siriri ne mai ƙarfi, masaƙa har daga Runka suke zuwa nema, kuma an hana mu taɓa mazarinta. Tana da kaza guda, wake-wake. In an gama cin tuwo, Iya ta hura wuta a ƙofar ɗakinta, mu jikoki mu kewaye ta, kazar ta lafe a gefen zanenta kamar ita ma tatsuniyar ta zo ji.

Wata shekara da girbi aka shanya gero a tsakar gida, aka ce in tsare shi kada kazar ta shiga. Abokaina kuwa sun tafi kamun fara. Sai na tsinko zare daga mazarin Iya, na ɗaure ƙafar kazar a turke, na bi su. Kafin in dawo ta fizge ta tsinka shi, amma ƙullin ya zarge saman yatsunta. Na ce gobe na kwance. Gobe ta zama jibi, ƙafa ta kumbura ta haɗiye zaren.

A cikin kwanakin nan kuma ta fara zubar da gashi. Wuya ya tsiraice, jela ta zube, ta daina ƙwai, ga ɗingishi. Baba ya dube ta ya ce, "Iya, kazar nan ciwo gare ta. A yanka ta tun da ranta, kada ta shafa wa sauran kajin gidan."

Iya ta ce, "Kai dai noma ka sani. Riga take sakewa, haka take yi duk shekara in ruwa ya ɗauke. Ƙafar ce ban gane ba. Ba ni kwana bakwai."

Kwana bakwai tana jinya. Da safe ta tsoma ƙafar cikin ruwan ɗumi da kanwa, ta shafa man kaɗanya. Ta daka gyaɗa ta haɗa da tsaki, ta sa a tono mata gara, wai ita ke fito da gashi. Ta zuba toka mai sanyi a bayan ɗaki don kazar ta yi birgima. Ta hana kowa runguma ta, ta ce sabon gashi zafi gare shi.

Rana ta huɗu ta kira ni. "Angona, zo ka ara mini ido. Yatsana yana jin wani ɗan kwari a nan. Mi ka gani?"

Na ga bakin zaren, ɗan fari, a cikin tsagar. Na tuna bulalar Baba. Na ce, "Ban ga komai ba, Iya."

Ta ce, "To, ango mai ido biyu ya rasa, ina ga amarya makauniya."

Da daren nan, a bakin wuta, ta ba mu labarin ƙadangare. Wai a da aminin kaza ne, kuma yana magana. Ya jawo ƙaya zai toshe raminsa, ya yar a hanya, kaza ta taka. Ta zo ta ce, "Aboki, kai da kake kusa da ƙasa, duba mini." Ya gani sarai, amma kunya ta kama shi, sai ya gyaɗa kai kawai. Ƙafa ta ruɓe, kaza ta mutu. Sannan ya hau katanga zai faɗi gaskiya, maganar ta ƙi fita.

Iya ta ce, "Shi ya sa har yau yake gyaɗa kai. So yake ya faɗa, wadda za ta ji ta tafi." Yara suka yi dariya, suna kwaikwayon ƙadangare. Ni na kafa wa wuta ido.

Ranar bakwai ƙafar ta yi baƙi. Baba ya yanka ta. Iya ta ce ita za ta fige da kanta. Tana shafa bayan kazar ta ce, "Kun ji? Sabuwar rigar har ta fara tsirowa." Ta daɗe a kan ƙafar nan tana lalube. Ba ta ci naman ba, ba ta kuma sake kiwon kaza ba.

Na yi aure, na haihu, sannan Iya ta rasu. Da ake kwashe kayanta na buɗe ɗan ƙoƙon da take ajiye allin kaɗi. A ƙarƙashin allin na sami ɗan zoben zare, ya yi baƙi, ƙullina yana nan yadda na yi shi. Mai kaɗi ba ta kasa gane zarenta. Shekaru ta yi tana kirana angonta, tana ɓoye mini ƙanzon tuwo, ba ta taɓa tayar da maganar ba. Ban sani ba ko tun daren tatsuniyar ta gane. Na dai san jira ta yi in faɗa da bakina, ni kuma na yi ta cewa gobe.

Ɗaurin yarinta ne, wuƙa ƙarama ta isa ta warware shi. Shirun ne ya kashe kazar. Ku da za ku karanta wannan, in kazarku ta zubar da gashi ku yi mata haƙuri, in ta yi ɗingishi ku duba ƙafar tun ranar. In kuma wanda ba ya gani ya ara idonku, don Allah ku faɗa masa abin da kuka gani tun yana nan. Ni har yanzu in na ga ƙadangare a katanga, sai in kau da kai.