Koyon Waƙar Tanti Rifkatu

Bana shekara bakwai ke nan da muka kai Tanti Rifkatu makwancinta a nan garin Akokan, kuma har yau in na tuna ta, dariya ke riga hawaye zuwa.

Ina amarya aka kawo ni garin nan daga Maraɗi, mijina Iliya yana aikin ramin uraniyom. Gidan ma'aikata ɗaki biyu ne, ga ƙannensa uku da aka haɗo mu da su don karatu. Ni kuwa na taso da tarbiyyar cewa Kirista ta gari ba ta nuna sha'awar shimfiɗa, ko da ga mijinta. In ya matso, haƙuri ne kawai. Kafin shekara mun zama kamar baƙin da suka haɗu a tasha. Har na fara tambayar ranar tashin motar gida.

Tanti, matar dattijon majami'armu, ta gane tun ban buɗe baki ba. Labarin zuciya a tambayi fuska. Ta ja ni gefe bayan sujada ta ce, "'Yata, Ubangijin da ya haɗa aurenku shi ya halicci jikin nan. Zunubi yana waje, ba a ɗakinki ba. Jibi Iliya na hutun aiki, ki turo min yaran koyon waƙa."

Ashe tsohuwar dabararta ce. Ta san ranar hutun kowane miji a unguwa, sai ta kwashe yaran gidan tun azahar, ta tsare su da gyaɗa da tafi har magariba. Fasto ya yi ta yabon himmarta a kan mumbari, yana mamakin yadda waƙar yaran ta ƙi gyaruwa. Mu mata sai mu sunkuyar da kai, kafaɗu na rawa.

Yanzu an rufe ramin, maza sun bazama Tchibarakaten neman zinariya, sai su yi watanni ba a gan su ba. Matasa kuma waya ke koya musu abin da mu manya muke jin nauyin faɗa. Da tana nan, na tabbata mu za ta fara yi wa faɗa kafin su, don rashin sani ya fi dare duhu.

A majami'a ana tuna ta da shara da gaida marasa lafiya, kuma gaskiya ne. Ni dai abin da ta bar mini shi ne Iliya, ga shi can tsakar gida, kai ya yi fari fat, yana gardama da rediyo. Har yau in ya shigo, ni yake fara nema.