Warin da Ke Jikin Rigata

Ana idar da sallar Juma'a a unguwar Sparkhill, nan ƙasar Turawa, wani dattijo da muka haɗa sahu ya riƙo hannuna.

"Ɗana, ka ji tsoron Allah. Warin wiwi kake yi."

Daga gonar gwaji ta jami'a na taho, ban canja riga ba. Na ce, "Baba, bincike ne da izinin hukuma. Irinta muke haɗawa, muna neman wanda mansa zai yi maganin farfaɗiya."

Bai saki hannuna ba.

"Jikata tana fama da ita. Council, hukumar gari, sun rufe inda ake kula da masu ciwon. Yaushe za ku gama?"

Shekara uku ina ɓoye aikin nan don kunya. Ranar, jinkirinmu ne ya ba ni kunya.

Da ku ne, me za ku ce masa?