Ƙibar da Autanmu Ya Kwaso a Kurmi

Tun ina yarinya an san ni da tambaya. Innarmu takan ce bakina ba ya hutawa sai in ina tauna. To, a kan autanmu ne tambayar tawa ta kai ni inda ban zata ba.

Autan namu albasa yake rakawa Kurmi. In an cika mota a Aliero shi ke hawa gaba, ya kai Ikko, ya sayar, ya dawo. Siriri ne tun haihuwa, ko tuwon gida uku ya ci ba ya nunawa. Sai ga shi wata shekara ya dawo ciki ya turo riga, ƙafafu sun cika takalmi. Inna kamar ta taka rawa. Duk wadda ta shigo gidan sai an nuna mata shi. "Ku duba mini yaron ga, Kurmi ta karɓe shi!" Mata na ta tubarkalla.

Na zo daga Jega, inda nake aure, na zauna ina ƙare masa kallo. Ƙiba dai na san ta, ni ma Allah bai hana ni ba. Amma wace irin ƙiba ce za ta cika ciki da ƙafa ta bar wuya da damtse kamar kara? Kuma me zai sa mai ƙoshi ya ɗauko buta daga bakin rijiya ya tsaya yana haki? Barcin rana ma a jingine da buhu yake yinsa, wai in ya miƙe ƙirjinsa ke cika.

"Auta, mi ke damunka?"

"Ba komi, Yaya. Gajiyar hanya ce."

"Gajiyar hanya. To madalla."

Da takalmi ya ƙi shiga gaba ɗaya, Inna ta yarda ƙafar dai da magana. A Aliero kuwa ƙafa in ta kumbura ba a tunanin ko'ina sai gidan masu ɗori, tunda daga garuruwa masu nisa ma nan ake kawo karaya. Auta ya ce ya taɓa dirowa daga saman mota, Inna ta ce shi ke nan, targaɗe ne. Na ce targaɗe a ƙafa biyu rana ɗaya? Ta ce in rufe mata baki.

Ni na raka shi wurin wani tsoho mai ɗori, abokin marigayi babanmu. Ya lalube idon sawu, ya bi ƙwauri da yatsu, sannan ya danna babban yatsansa ya ɗauke. Wurin ya lotsa, ya ƙi tasowa. Na matso ina leƙe, na ce, "Baba, in taɓa?" Na danna da kaina, ramin yatsana ya zauna kamar a cikin ƙullun da aka kwaɓa.

"Ƙashi lahiya lau," in ji shi. "Wanga ruwa ne, ɗiyata. Ku tahi asibiti."

"Daga ina ruwan ya hito?"

"Ni ƙashi na sani."

Daga asibitin Jega aka tura mu babban asibitin Birni hoton zuciya. Likita ya shafa masa wani abu mai yauƙi a ƙirji, ya ɗora na'ura, sai ga zuciyar ƙanena a allo, baƙi da fari, tana motsi. Wallahi tsoro da sha'awa suka haɗe mini. Likitan ya ce ta buɗe ta yi girma, kuma ba ta matsewa yadda ya kamata. Ya tambaye shi ko yana shan giya, ko akwai mai ciwon zuciya a gidanmu, ko yana amfani da wani abu don ƙarin ƙarfi. Auta na ta girgiza kai, idonsa a ƙasa. Sai likita ya dube ni ya ce, "Hajiya, ki ɗan ba mu wuri."

Ni? Ni da na goya shi? Na fita dai, raina a ɓace, na zauna a benci mafi nisa don kada kunnena ya ci amanata. Can aka kira ni. Auta bai ɗago ba, ya ce, "Likita, gaya mata. Ni ba na iyawa."

Hodar iblis ce. Abokan kasuwa suka fara ba shi a Ikko don ya iya tsayuwa kan kaya ba barci, daga nan ya koma nema da kansa, shekara da shekaru. Na yi salati. Na so in rufe shi da faɗa, amma abin da ya fito bakina shi ne, "Likita, abin da aka shaƙa a hanci, me ya kai shi ƙafa?"

Ya ce zuciya tsoka ce, tana da jijiyoyin da ke ciyar da ita. Hodar tana tsuke jijiyoyin nan, a lokaci guda tana sa zuciyar gudu, jini ya hau. Ya ce in ɗauka jaki ne aka labta wa kaya, ana bulala, an kuma ɗaure masa baki. Tsokar takan mutu kaɗan-kaɗan ta bar tabo, tabo kuwa ba ya aiki. Da zuciyar ta gaza tura jini, sai ruwa ya taru a ƙafa da ciki da huhu. Na ce tana komawa daidai? Ya ce in ya bar hodar har abada, ya riƙe magani, wasu kan samu sauƙi sosai. In ya koma, tana iya tsayawa ba sallama.

A mota Auta ya roƙe ni kada Inna ta ji, na yi masa alkawari. Aka fara magani, ya yi ta zagayawa bayan gida, ruwan ya sauka, numfashinsa ya dawo, shi kuma ya koma kamar tsinken tsire. Inna ta tayar da hankali, wai asibiti na tsotse mata ɗa. Ranar kasuwar Jega na samu mota na zo, na tarar ƙafar ta sake tasowa, yana haki a zaune. Ashe Inna ta ɗauke magungunan ta ɓoye, tana kuma matsa masa ya bi motar albasa ta gaba, tunda can ne jikinsa ke so.

Na ja shi zaure. Na ce, "Alkawarina bai kai ranka ba. Ko ka gaya mata, ko ni in gaya."

Inna na tsince shinkafa a faifai, Auta ya durƙusa gabanta. Ya faɗa mata duka, bai rage ba, har da abin da likita ya ce zai faru in ya koma. Ta ajiye faifan, ta shiga ɗaki, ta fito da ƙullin magungunan da kofin ruwa, ta tsuguna ta miƙa masa. Sai da ya haɗiye ta ce, "Ni kuwa duk sallar da na yi, sai na roƙi Allah Ya ƙara maka wannan ƙibar."

Ta karɓi kofin, ta sa bakin zanenta ta goge masa haɓa.