Baba Sylvanus Mai Ji da Ido

Minti goma sha biyar cif Usman ya shafe yana yi wa kurma raɗa.

Ba da gangan ba ne. Ya zo da muryarsa ta aiki, wadda yake ajiye wa marasa galihu, mai sanyi-sanyi kamar ta mai gaisuwar mutuwa. Ya durƙusa gaban tsohon, ya ɗaga waya daidai fuska har ta rufe masa baki da hanci, ya shiga jero tambayoyi: Baba yaya rayuwa, me ka ci yau, ina 'ya'ya. Tsohon yana zaune kan bulo yana ɗinkin buhu, ko kallo Usman bai ishe shi ba. Usman ya ce a ransa, lallai baƙin cikin bawan Allahn nan ya yi zurfi, magana ma ta gagare shi. Har ya fara tsara taken bidiyo.

Madam Janet, mai suyar doya a gefen, ita ce ta kasa daurewa. Dariya ta ci ƙarfinta har matsami ya suɓuce mata.

"Oga mai bidiyo, sauke wayar nan daga bakinka mana! Baba Sylvanus da ido yake ji. In bai ga leɓenka ba, ko wa'azi kake yi, kai kaɗai kake sha."

Usman ya sauke waya. Tsohon ya ɗago, ya dubi bakinsa, ya ce da ƙarfi irin na wanda ba ya jin muryar kansa, "Sannu da zuwa. Ai na ɗauka madubi kake dubawa, shi ya sa na ƙyale ka."

Shekara ashirin Usman ya yi yana ɗaukar hoton biki a Kakuri, har wayoyi suka zo suka mayar da kowace ƙanwar amarya mai hoto. Da sana'a ta mutu a hannunsa sai ya buɗe shafi a intanet, ya sa masa suna Mutanen Bakin Titi, yana hira da masu kwana a ƙarƙashin gada da masu tsintar roba a bola. Bai daɗe ba ya gano sirrin kasuwar: hawaye. Bidiyon da aka yi kuka, mutum dubu hamsin su kalla. Wanda aka yi dariya kuwa, matarsa ma ba ta kai ƙarshensa. Shi ya sa da aka ce masa akwai wani tsoho da ke kwana a ɗakin maigadi na wata matacciyar masaƙa, yana hira da bango da hannu, bai tsaya cin abincin rana ba ya tare keke napep.

Sai dai tsohon da ya tarar ba mai kuka ba ne.

Daga wani ƙauye kusa da Zonkwa Sylvanus ya zo Kaduna, yana ɗan shekara sha tara, da wando biyu da adireshin kawunsa a takarda. Sati uku da zuwansa aka ɗauke shi a masaƙa. Ya ce a zamanin, in jiniyar tashi ta kaɗa, akuya ma ba ta iya tsallaka titin Kakuri saboda kekuna. Ruwan kwata kuwa, da shi ake sanin atamfar da ake rini a ciki: yau shuɗi, gobe ja. Albashinsa na farko rediyo ya saya. Da ya zo nan sai ya yi dariya, ya nuna kunnensa.

"Rediyon ya fi kunnen daɗewa."

Ɗakin saƙa ne ya cinye masa ji. Injuna ɗaruruwa a jere, kowane na buga ƙoshiya kamar ana sara ƙarfe, awa takwas kullum. In ka yi ihu a kunnen na kusa da kai, bakinka kawai zai ga yana motsi. To da yake mutum ba ya iya yin shiru awa takwas, sai masu saƙar suka koyi karanta leɓe daga wannan layi zuwa wancan, suka kuma ƙirƙiro maganar hannu tasu. Ka dafa kai, foman mai duba aiki na tafe ke nan. Ka haɗa yatsu biyu kamar almakashi, zare ya tsinke. Har gulma ana yi, in ji shi, har a yi faɗa a shirya, ba wanda ya ji muryar wani.

Da masaƙa ta tsaya, sai Kakuri ta yi tsit, shi kuma bai ma lura ba, don tsit ɗin ya riga ya shiga kansa. Matarsa ta rasu. Ɗansa ɗaya yana Fatakwal yana fama da nasa. Ɗakin haya ya gagara, sai ya dawo ƙofar da ya shiga shekara da shekaru, ya share ɗakin maigadi ya shimfiɗa tabarma. Yanzu buhunan masu gawayi da masu hatsi yake ɗinkewa. Ya faɗi duk wannan kamar mai karanta jerin kayan cefane. Usman yana ta zuƙo hoton idonsa ko ɗigo ɗaya zai fito. Ko alama.

"Malam Usman," in ji tsohon, "na ba ka hirarka. Saura tawa. Minti ɗaya nake so a cikin abin nan naka, kuma ba za ka taɓa shi ba."

"Me za ka ce a ciki, Baba?"

"Ba cewa zan yi ba."

Sannan ya ba shi labarin Zakariyya'u. Shekara sha tara injunansu na kallon juna. In lokacin Azahar ya yi, Sylvanus zai kai tafukansa kunne, sannan ya nuna idonsa: je ka yi salla, ina duba maka injinka. In aiki ya faɗo ranar Lahadi, Zakariyya'u zai gicciya yatsu biyu, shi ma ya nuna ido: je ka coci. Wannan alamar tasu ce su biyu, ko foman bai san ta ba. Da rikicin shekarar dubu biyu ya tashi, mutane suka yi ta kwashe kaya, waɗannan su haye kogin Kaduna can, waɗancan su hayo nan, Zakariyya'u ya bi ayarin masu hayewa. Ba waya a lokacin. Wani ya ce Tudun Wada ya koma, wani ya ce ƙauye, wani ya ce ya rasu.

"Hirar da yara ke cewa ina yi da bango, da shi nake yi, don kada hannu ya manta. An ce abin nan naku yana shiga ko'ina. In yana raye, wani jikansa zai nuna masa." Ya ja fatar ƙasan idonsa na hagu, inda wani fari-fari ya fara rufe baƙin. "Yanar ido ce. Likita ya ce na daman ma tana hanya. Ni kuwa idon nan shi ne kunnena. In ya tafi, ko Zakariyya'u ya zo ya tsaya a gabana, an gama."

Ya miƙe, ya kakkaɓe wando, ya gyara wuyan riga, ya tsaya ƙiƙam gaban waya. Ya dafa ƙirji. Ya nuna ƙasa, nan inda yake tsaye. Ya kai tafuka kunne, ya nuna ido. Ya maimaita sau uku, a hankali, ba ko tari.

Usman ya ɗauka, amma lissafinsa na wani wuri. Minti ɗaya na shiru a intanet ai shekara ne. Kafin tsohon ya kai hannu kunne an wuce zuwa bidiyon rawa. Ya ce yana zuwa, ya taka har tsallaken titi, wajen masu faci, inda ya tabbata ko mai kunnen zomo ba zai ji shi ba. Ya kira abokinsa mai haɗa masa bidiyo. Da yake shi mutum ne mai ladabi, bai juya wa dattijo baya ba. Yana magana yana yi masa murmushi daga nesa, har da ɗaga hannu.

"Tsohon ya ƙi kuka, wallahi kamar dutse. Ka yanke wajen dariyar rediyo. Wasan hannun nan na ƙarshe ka bar daƙiƙa biyar kawai, ka kai shi farko, ka sa kiɗan tausayi. Take kuma: Talauci Ya Zautar Da Tsohon Ma'aikaci."

Ya dawo yana shafa gemu. Baba Sylvanus ya zare allura daga buhu, ya soke ta a hularsa.

"Daƙiƙa biyar," in ji shi. "Da kiɗan tausayi."

Usman ya sauke hannu daga gemu.

"Daga layi na ɗaya nake karanta bakin mutumin da ke layi na tara, cikin ƙurar auduga, da ido biyu. Kai titi ɗaya ka tsallaka, ka kuma tsaya cikin rana kana wage baki kamar mai tallan magani. Ni ban zautu ba, Malam Usman. In ka ce na zautu, jikan Zakariyya'u ba zai kai wa kakansa mahaukaci ya kalla ba. Ko ka sa shi yadda yake, ko ka goge yanzu ina gani."

Madam Janet ta ajiye matsami. Doyar da ta zuba wa Usman a takarda kawai ta mayar cikin tire.

Usman ya mayar da waya aljihu, bai goge komai ba. Ya koma gida ya sa bidiyon da kansa, yadda yake, da dariyar rediyo da minti ɗayan shiru. Take: Sylvanus Na Ɗakin Saƙa Yana Neman Zakariyya'u. Sati guda, mutum ɗari huɗu da 'yan kai suka kalla. Wani ya rubuta a ƙasa cewa sautin ƙarshen ya lalace, a gyara. Abokinsa ya kira ya yi masa ta'aziyya.

A sati na biyar saƙo ya shigo daga wata mata a Soba. Ta ce a rukunin 'yan uwa na waya aka turo bidiyon, surukinta ya gani ya hana kowa sakat sai an ɗauke shi shi ma. Usman ya buɗe. Wani tsoho ne siriri da farar hula, zaune kan tabarma, bayansa buhunan masara. Bai ce komai ba. Hannu kawai. Usman ya kalla sau shida, bai fahimci ko ɗaya ba, shi da ke cewa ya san abin da mutane ke son gani.

Da hantsi ya isa ƙofar masaƙa. Bai yi sallamar aiki ba, miƙa wayar kawai ya yi. Baba Sylvanus ya goge hannu a wando, ya karɓa, ya kawo ta dab da idon dama, ya karkata kai.

Tsohon cikin waya ya dafa kai, ya kwantar da kumatu a tafi, ya kaɗa yatsa. Baba Sylvanus ya fashe da dariya har allura ta faɗo daga hula.

"Ɗan banza! Wai foman na tafe, in tashi daga barci. Sau ɗaya fa na taɓa gyangyaɗi, sau ɗaya, shekara arba'in bai bar maganar ba!"

Sai tsohon cikin waya ya daina murmushi. Ya gicciya yatsu biyu. Ya nuna idonsa. Ya sake. Ya sake.

Dariyar Baba Sylvanus ta tsaya. Hawaye ya zubo ta idon mai yana da mai lafiyar duka, ya bi ramukan kumatu ya sauka kan buhun gawayi, bai ko share ba. Madam Janet ta juya baya tana ta juya doyar da ta riga ta soyu.

Shi kuwa Usman, hali ba ya jin kunya. Hannunsa da kansa ya tafi aljihun riga, ya dawo na wando, ya koma na riga, yana laluben waya. Leɓensa ya motsa, ba sauti: kai, ga abin ɗauka.

Baba Sylvanus ya ɗago jajayen idanu, ya dubi bakin, ya dubi hannun da ke cikin aljihu, sannan ya ƙara damƙe wayar a ƙirjinsa.

"Tana hannuna, Malam Usman. Kukan da ka zo nema ga shi ya zo, amma ba naka ba ne. Zauna ka kalla da ido kamar mutum. In kuma aiki kake so, je ka tambayo mana kuɗin motar Soba."